Talabijin da Siffar Namiji: Yadda Ake Nuna Masu Neman Maza a Allo

Da wuya shekara ta wuce ba a samu wani shirin ƙasashen waje da ya tayar da ƙura a tsakanin masu kallo ba. An nuna maza biyu suna soyayya, ko an saka mai neman maza cikin manyan taurarin labari, nan da nan sai jama'a su rabu gida biyu. Wasu su ce ƙulli ne da aka daɗe ana yi don a rusa tarbiyyar yara. Wasu su ce masu shirin suna nuna mutanen da dama suke zaune a cikin al'ummarsu ne. Sau da yawa gardamar takan tsaya a kan ɗan guntun bidiyon da aka yanko aka yaɗa a waya, ba tare da an san inda abin ya faro ba, ko abin da ya sa ya ɗauki siffar da yake da ita yau.

Hukuncin addini a kan luwaɗi sananne ne ga mai karatu, a Musulunci da kuma a mafi yawan majami'un Afirka, kuma ba shi ake bincike a nan ba. Abin dubawa shi ne aikin akwatin talabijin. Wanda ya bi tarihin tun daga shekarun 1960 zai ga cewa duk lokacin da talabijin ya nuna mai neman maza, akwai wata magana da yake yi a ƙarƙashi, wato wane ne cikakken namiji, kuma wa za a fitar daga sahun maza.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Rabin ruɗanin yana fitowa ne daga haɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin suna ɗaya. Luwaɗi a Hausa sunan aiki ne, saduwar namiji da namiji, kuma a kan aikin malaman fiƙihu suke gina hukunci. Kalmar Turanci ta gay, wadda shirye-shiryen waje suka yaɗa, ta fi haka faɗi. Tana nufin namijin da sha'awarsa da soyayyarsa suka karkata ga maza, wanda kuma ya ɗauki hakan wani ɓangare na yadda yake so a san shi, ko ya aikata wani abu ko bai aikata ba. Kafofin labaran Hausa kan ce masu neman maza ko 'yan luwaɗi. Harufan LGBT kuwa taƙaitawa ce ta sunayen rukuni huɗu: 'yan maɗigo, masu neman maza, masu sha'awar jinsi biyu, da waɗanda suka sauya jinsin da ake saninsu da shi.

Daudanci wani abu ne dabam. Ɗabi'a ce ta fili: salon magana, karairaya, tafa hannu, zama cikin mata, da sana'o'i irin su sayar da abinci a tasha. Masanin nan Ba'amurke, Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafinsa a 2009, ya nuna cewa 'yan daudu da yawa suna da mata da 'ya'ya, kuma da yawa daga cikin mazan da ke neman maza babu wata alamar daudanci a tare da su. Ɗabi'a daban, sha'awa daban, aiki daban. Suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, suna iya rabuwa.

Sai mazantaka. A nan ba halittar jiki ake nufi ba, ana nufin abin da al'umma ke tsammani daga namiji: ƙarfi, dakiya, ɗaukar nauyin gida, ɓoye hawaye, kaurin murya. Masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Raewyn Connell, ta yi bayani a littafinta na 1995 cewa kowace al'umma tana da siffar namiji guda da take ɗorawa a sama, sauran maza kuma a auna su da ita. A ƙasashen Yamma, in ji ta, mai neman maza aka ajiye a ƙasan tsanin, domin an ɗauke shi a matsayin namijin da ya gangara wajen mata. Wannan tunani shi ne ya yi wa talabijin jagora shekaru masu yawa.

Daga ɓoye fuska zuwa abin dariya

A farkon zamanin talabijin a Amurka shiru aka yi. Ƙa'idojin da kamfanonin fim na Hollywood suka fara aiki da su sosai a 1934 sun hana taɓa batun, gidajen talabijin kuma suka kafa nasu ƙa'idojin ɗa'a a 1952. A watan Maris na 1967 tashar CBS ta watsa wani rahoto na sa'a guda wanda Mike Wallace ya gabatar. An sa wasu daga cikin mazan da aka yi hira da su cikin duhu, ɗaya ma an ɓoye fuskarsa a bayan ganyen shukar tukunya. Rahoton ya siffanta su a matsayin mutanen da ba sa iya zaman amana mai ɗorewa. A lokacin aikin laifi ne a kowace jiha ta Amurka in ban da Illinois, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar kuma ba ta cire shi daga jerin cututtuka ba sai a 1973.

Da aka daina shiru, siffofi biyu suka mamaye allo. Ta farko mugu mai farautar yara, kamar malamin makarantar da aka nuna a wani kashi na shirin Marcus Welby a 1974, wanda ya jawo zanga-zanga har wasu masu talla suka janye, wasu tashoshi suka ƙi watsa shi. Ta biyu kuwa, wadda ta fi daɗewa, ita ce abin dariya. A Birtaniya, shirin barkwanci na BBC mai suna Are You Being Served?, wanda ya gudana daga 1972 zuwa 1985, ya shahara da Mista Humphries, ma'aikacin kanti mai tafiyar rangwaɗa da siririyar murya. Ba a taɓa fitowa fili an faɗi ko shi wane ne ba. Tafiyarsa da muryarsa su ne abin dariyar, mai kallo kuma ya gane sauran.

Duk da haka, tun a wancan lokacin akwai marubutan da suka lura da inda gizo ke saƙar. A watan Fabrairun 1971 shirin All in the Family ya kawo labarin Archie Bunker, magidanci mai tsaurin ra'ayi, yana ta zolayar wani saurayi mai laushin hali da zargin neman maza. A ƙarshe sai ta bayyana saurayin ba haka yake ba. Abokin Archie na mashaya, ƙaton tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka wanda yake alfahari da shi, shi ne mai neman mazan. Labarin ya dami Shugaba Richard Nixon har aka ji shi yana ƙorafi a kai cikin faifan hirarrakin fadarsa da aka saki daga baya. Abin da shirin ya taɓa shi ne imanin cewa ana iya gane mutum daga tafiyarsa.

Ƙanjamau da kuɗin talla

Shekarun 1980 sun zo da cutar ƙanjamau. A 1985, shekarar da tauraron fim Rock Hudson ya mutu da cutar, NBC ta watsa An Early Frost, labarin wani matashin lauya da ya koma gida ya shaida wa iyayensa halin da yake ciki. Fim ɗin ya samu masu kallo da yawa, amma kamfanoni sun guje wa saka talla a cikinsa. Daga nan aka samu siffa ta uku, majinyacin da ake tausaya wa, wanda galibi mutuwa ce ƙarshensa.

Kuɗi ne ya riƙa shata iyaka. A 1989 shirin thirtysomething ya nuna maza biyu kwance a gado suna hira, ko taɓa juna ba su yi ba, amma janyewar masu talla ta jawo wa ABC asarar fiye da dala miliyan ɗaya. A 1994 tashar Fox ta yanke wurin da wani tauraron Melrose Place zai sumbaci namiji. A Birtaniya, sumbar goshi da aka nuna a EastEnders a 1987 ta sa jaridu suka yi ca, shekara guda bayan haka kuma gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta hana ƙananan hukumomi tallata luwaɗi, dokar da ba a soke ta a Ingila ba sai 2003.

Will da Jack

Idan ana neman shiri guda da ya fi bayyana yadda talabijin ke sarrafa wannan batu, to Will & Grace ne, wanda NBC ta fara a 1998. Masu neman maza biyu ne a cikinsa, kuma an raba musu aiki. Will lauya ne a New York, mai kwat da natsuwa, muryarsa da tafiyarsa irin ta kowane namiji, babbar abokiyar rayuwarsa kuma mace ce, Grace. A shekarun farko da wuya a gan shi cikin soyayya mai nisa da wani namiji. Jack kuwa mai tsalle-tsalle ne da ihu da son waƙa da rawa, ba ya riƙe aiki, kuma yawancin dariyar daga wajensa take fitowa.

Masu nazari sun daɗe suna nuna hikimar kasuwanci da ke cikin wannan rabo. Mai kallon da batun bai kwanta masa ba yana iya sakin jiki da Will, domin ya yi kama da ɗansa ko maƙwabcinsa, zamansa da Grace kuma yana kama da na miji da mata. Yana kuma iya ci gaba da yin tsohuwar dariyar da ya saba, a kan Jack. Ma'aunin bai canza ba: wanda ya fi kusa da siffar namijin da aka sani shi ake girmamawa, wanda ya yi nisa da ita shi ake wa dariya. Sai dai akwai masu kare Jack, suna cewa shi ne bai taɓa jin kunyar kansa ba, kuma maza irinsa suna nan da gaske, goge su daga allo don a faranta wa masu kallo shi ma wani nau'in raini ne.

Wannan rabo ya sake bayyana a Modern Family daga 2009, inda Mitchell lauya mai kamewa da Cameron mai yawan zumuɗi suke renon 'yar da suka ɗauko daga Vietnam. Iyali ne na unguwar masu hali, damuwarsu makarantar yarinya da surukai. An shafe zangon farko ba a nuna sun sumbaci juna ba, har sai da masu kallo suka yi gangami a Facebook. Shirin Queer Eye na 2003 kuma ya kawo wata siffar: maza biyar masana sutura da girki da ƙawata ɗaki suna gyara rayuwar wani namiji don ya burge matarsa ko budurwarsa. A nan mai neman maza ya zama mai hidima ga mazantakar wani, kuma mai koya masa sayayya.

Lokacin da aka juya hoton

Tashoshin da ake biyan kuɗi kafin a kalla ba su dogara da masu talla ba, saboda haka su suka fara karya tsarin. Misali mafi ƙarfi shi ne Omar Little na shirin The Wire, wanda HBO ta watsa daga 2002 zuwa 2008, Michael K. Williams kuma ya taka rawar. Omar baƙar fata ne a unguwannin talakawan Baltimore, sana'arsa yi wa dillalan ƙwaya fashi. Yana tafe da doguwar riga da bindiga, tabo ya ratsa fuskarsa, yana fito, yara na gudu suna shelar ga shi nan tafe. Ba ya ashar, ba ya taɓa wanda ba ya cikin harkar, yana raka kakarsa coci. Kuma kowa a unguwar ya san maza yake nema. Duk wata alama da talabijin ya saba jingina wa jarumi an ba shi, sai aka bar mai kallo da tambayar ko ma'aunin nasa daidai ne. Barack Obama ya taɓa cewa shi ne tauraron da ya fi burge shi a shirin.

Wasu shirye-shiryen sun juya kyamarar kan sauran mazan. A The Sopranos, cikin 2006, 'yan ƙungiyar mafiya sun kashe abokinsu Vito bayan asirinsa ya tonu, ko da yake yana kawo musu kuɗi sosai. Mutanen da kisa da cin amana ba su dame su ba sun ga zamansa a cikinsu a matsayin tabo ga mazantakarsu. A Empire na 2015 an nuna uba ya ɗauki ƙaramin ɗansa ya jefa a kwandon shara don ya gan shi sanye da takalmin mahaifiyarsa, kuma Lee Daniels, ɗaya daga cikin masu shirin, ya ce abin da ya same shi ne yana yaro. Labarin a nan ya fi zama na tsoron uban fiye da na sha'awar ɗan.

Wannan juyi ma bai tsira daga suka ba. Idan sai mai neman maza ya riƙe bindiga ko ya zama kyaftin ɗin 'yan sanda marar murmushi, kamar Holt na Brooklyn Nine-Nine, kafin a girmama shi, to har yanzu laushi ne abin ƙyama. An faɗaɗa ƙofar shiga sahun maza, amma sharaɗin shiga yana nan yadda yake.

Me ya kawo sauyin?

Masu cewa akwai shiri a bayan abin ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, sai dai shirin ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar GLAAD, wadda aka kafa a New York a 1985, aikinta a fili shi ne matsa wa kafofin watsa labarai lamba. Tana ba da lambobin yabo, tana ganawa da kamfanoni, tana kuma fitar da ƙididdiga duk shekara. A zangon 2021 zuwa 2022 ta ƙirga cewa kashi 11.9 cikin ɗari na taurarin dindindin a shirye-shiryen dare na manyan tashoshin Amurka 'yan rukunin LGBT ne, adadin da ya sauko ƙasa da kashi 9 bayan shekara biyu. Ƙungiyoyin Kiristoci masu ra'ayin riƙau su ma sun yi amfani da makami iri ɗaya, wato ƙaurace wa kayan masu talla, kuma sun yi nasara shekaru da dama.

Amma matsin lamba shi kaɗai ba ya motsa kamfani idan babu riba. Daga shekarun 1990 masu talla sun fi kwaɗayin matasan birni masu ilimi da kuɗin kashewa, waɗanda irin waɗannan labarai ba sa korar su. Zuwan Netflix da takwarorinsa ya ƙara sauya lissafin, domin manhajar kallo ta intanet ba ta buƙatar shiri guda da zai gamsar da kowa, tana buƙatar kowane rukuni ya samu abin da zai hana shi daina biyan kuɗin wata. Ga kuma marubuta da furodusoshi masu neman maza da suka kai matsayin yanke shawara, irin su Russell T Davies a Birtaniya, mai Queer as Folk na 1999 da It's a Sin na 2021, da Ryan Murphy a Amurka, mai Glee da Pose. Dokoki ma sun sauya: kotun ƙolin Amurka ta soke dokokin hukunta luwaɗi a 2003, ta halatta auren jinsi a 2015.

Shin kallo yana canza mutum?

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma raba su yana da muhimmanci. Ta farko, ko kallo yana canza ra'ayin mutum game da masu neman maza. Akwai hujjar cewa yana yi. A 2005 da 2006 Edward Schiappa da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna cewa ɗaliban da suka fi kallon shirye-shirye irin su Will & Grace sun fi sassauci, musamman waɗanda ba su san wani mai neman maza ido da ido ba. Bayaninsu shi ne mai kallo yakan saba da tauraron shiri kamar yadda yake sabawa da maƙwabci. Ƙididdigar Gallup ta nuna goyon bayan auren jinsi a Amurka ya tashi daga kashi 27 a 1996 zuwa kashi 71 a 2022, kuma Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa a 2012, ya ce Will & Grace ya wayar da kan Amurkawa fiye da kusan komai. Sai dai masu bincike suna jan hankali cewa mai sassaucin ra'ayi shi ne tun farko ya fi zaɓar irin wannan shiri, saboda haka tasirin yana tafiya ta ɓangarorin biyu. Iyayen da ke cewa talabijin yana sa abin da ake ƙyama ya zama abin da aka saba da shi, a wannan gaɓar, suna faɗin abin da masu goyon bayan shirye-shiryen su ma suke faɗa da alfahari.

Ta biyu, ko kallo yana sauya inda sha'awar mutum ta karkata. A nan bincike bai tabbatar da haka ba. Masana sun fi karkata ga cewa abubuwa da yawa ne suke haɗuwa, kuma wani babban nazarin ƙwayoyin gado na 2019, wanda ya shafi mutum kusan rabin miliyan, ya nuna babu wata ƙwayar halitta guda da ke yanke hukunci. Abin da ya tabbata shi ne yawan Amurkawan da ke kiran kansu 'yan LGBT ya tashi daga kashi 3.5 a 2012 zuwa sama da kashi 7 a 2021, mafi yawan ƙarin kuma daga matasa ne masu cewa suna sha'awar jinsi biyu. Wani ɓangare na karanta wannan a matsayin raguwar tsoron bayyana kai, ɗaya ɓangaren na karanta shi a matsayin tasirin yayi. Alƙaluman su kaɗai ba su raba gardamar ba.

Ko a cikin masu neman mazan kansu babu baki ɗaya. Wasu na ƙorafin cewa allon ya cika da farare, kyawawa, masu kuɗi da ƙirar jiki ta 'yan motsa jiki, abin da ke sa talaka ko mai ƙiba ko tsoho ya ji ba a san da shi ba. Wasu na ganin shirye-shirye irin su Heartstopper na 2022 sun wanke rayuwar tas har ta daina kama da gaskiya, wasu kuma na ganin an cika jingina su da jima'i da shaye-shaye.

Wajen Amurka da Turai

Ƙasar Sin ta ba da misali mai haske na yadda batun yake komawa kan mazantaka. A watan Satumbar 2021 hukumar kula da rediyo da talabijin ta umarci tashoshi su daina fito da maza masu kama da mata. Waɗanda umarnin ya fi shafa mawaƙa ne da taurari masu kwalliya da 'yan kunne, ba tare da an tambayi wa suke nema ba. Damuwar gwamnati ita ce irin samarin da ƙasa za ta dogara da su. A Tailan kuwa wasannin soyayyar samari biyu sun zama babbar hajar da ake fitarwa waje, kuma mafi yawan masu kallonsu 'yan mata ne, kamar yadda asalin salon ya fito daga littattafan zane na Japan da mata suke rubuta wa mata.

A Afirka ta Kudu, inda aka halatta auren jinsi a 2006, soyayyar Senzo da Jason a shirin Generations ta jawo muhawara mai zafi, domin doka ta riga ra'ayin jama'a yin gaba. Kenya kuwa ta haramta fim ɗin Rafiki a 2018 saboda soyayyar jinsi ɗaya da ke cikinsa. A 2022 ƙasashen yankin Gulf sun buƙaci Netflix ya cire abubuwan da suka ce sun saɓa wa Musulunci.

A allonmu

A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a, ga kuma dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa. Binciken cibiyar Pew na 2019 ya samu kashi 7 cikin ɗari kacal na 'yan Najeriya da ke ganin ya kamata al'umma ta amince da luwaɗi. Saboda haka babu tashar gida da za ta nuna irin su Will ko Omar.

Amma siffar namiji mai ɗabi'ar mata ba baƙuwa ba ce a finafinan Hausa. Ɗan daudu ya daɗe yana fitowa, da ɗaurin zane a ƙirji da fari da ido da habaici, a bakin tukunyar abinci ko a matsayin kawali, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro na cikin waɗanda suka taka irin wannan rawa. Kusan kullum don dariya ake kawo shi, labarinsa kuma yakan ƙare da tuba ko tozarta. A 2024 hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta sanar da hana finafinan da ke nuna daudanci da daba. Ko da dariya aka yi ko da hani, ɗabi'ar fili ake kallo, ita ake ɗauka a matsayin shaidar abin da ke ɓoye.

A nan ne illar da ba a cika magana a kanta ba take. Idan allo, na gida da na waje, ya koya wa jama'a cewa ana gane mai neman maza daga murya da tafiya, to yaron da Allah ya yi shi da sanyin hali, ko mai son girki, ko wanda ba ya son faɗa, shi zai sha tsangwama a makarantar kwana da cikin unguwa kan abin da bai aikata ba. Zargi irin wannan yana ɓata suna, yana kashe aure, wani lokaci yana jawo duka daga gungun mutane, alhali shari'ar Musulunci kanta ta tsananta sharuɗɗan shaida ta kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙazafi. Akwai kuma abota. A ƙasar Hausa aminai biyu kan riƙe hannu suna tafe a titi, su ci a kwano ɗaya, su kwana a shago ɗaya, ba wanda ya kawo komai a ransa. A Amurka da Birtaniya tsoron zargi ya daɗe da raba maza da irin wannan kusanci. Matasan da suka taso da kallon shirye-shiryen can, da waɗanda suka taso da jin gargaɗi a kansu dare da rana, duka suna iya fara yi wa wannan tsohuwar ɗabi'a kallon tuhuma.

Ta fuskar hukuma kuwa, ikon tacewa yana raguwa. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa tana iya tsawata wa tashar da ke da lasisi, hukumar Kano tana iya hana fim fita kasuwa, amma yawancin abin da matashi ke kallo yanzu ta waya yake shigowa, daga YouTube da TikTok da manhajojin da ofisoshinsu ke wata nahiya. Manyan kamfanonin sun koyi raba hajarsu: su bar shiri yadda yake a wata ƙasa, su cire shi ko su ɗaga shekarun masu kallonsa a wata, wani lokaci su fasa aikin ɗungurungum, kamar yadda Netflix ya fasa wani shiri a Turkiyya a 2020 bayan hukumomi sun ƙi ba da izinin ɗauka saboda akwai mai neman maza a labarin. Abin da ya rage a hannun magidanci shi ne alamar shekaru da ake sakawa a kan kowane shiri, da lambar sirri ta kulle tashoshi a dikoda, da sashen yara da ke cikin manhajojin, waɗanda gidaje da yawa ba su taɓa kunna su ba.